Yadda ake gane tsohon wardi da yadda ake dasa shi a nan Kumasi

Duk wanda ya shigo gidanmu a Aboabo da sassafe, kafin ma mu gama gaisawa sai ya ce wane turare ne wannan, sai in nuna mishi bishiyar wardin da ke jikin katanga. Mafi yawa basa yarda wai a ƙasar nan ta Kumasi ta girma, a zatonsu wardi abin Turai ne ko na cikin firij a shagon masu sayar da fulawar biki. Toh ba haka bane. Wardi yana yi a nan ƙwarai, amma ba kowane iri ba, kuma wanda yafi yi shine tsohon iri, irin wanda zaka tarar a tsakar tsofaffin gidaje ko bayan tsohon bangalo ko harabar makarantun mishan, ba mai yi mishi feshi ba mai bashi taki amma yana nan shekara da shekaru yana fure.

Nawa daga wajen wata Hajiya maƙwabciyarmu na samo, Allah ya jiƙanta. Bishiyar tana kusa da makwararar ruwan wanke-wanke, awaki sun ci, yara sun karya, amma duk wata sai ta fitar da jan fure. Da na roƙi reshe sai ta ce "Ɗana, yanki wanda kake so, amma kar ka ɗauki mai taushi, ɗauki wanda ya gama fure, shi yake kamawa." Wallahi wannan maganar tata ita ce rabin darasin. Yanzu gidan ma an rushe an yi shaguna, bishiyar ta tafi da ƙasar da aka kwashe, shiyasa nake matsa wa mutane, in ka san inda irin wannan take kar ka ce sai gobe.

Bari mu fara da me ake nufi da tsohon wardi. Masu harkar sun sa iyaka a shekarar 1867, shekarar da wani manomin fure Bafaranshe mai suna Guillot ya fitar da wani iri da ake kira La France, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko cikin wardin zamani. Duk dangin wardin da ake dasu kafin wannan shekara su ake cewa tsofaffi. Kuma gida biyu ne babba. Akwai na Turai da Gabas ta Tsakiya, su Gallica da Alba da Centifolia da Damask, akwai kuma waɗanda asalinsu daga ƙasar Sin ne da 'ya'yansu, su China da Tea da Noisette da Bourbon. Wannan rabon shine abin da yafi shafarmu, domin na gidan farko galibi sau ɗaya suke fure a shekara kuma sai sun sha sanyi sun yi barci kafin su yi, mu kuwa hunturunmu bai kai ya sa su barci ba. Na gidan biyu basa neman sanyi, zafi da laima basa damunsu sosai, suna fure su huta 'yan makonni su sake.

Nasan abin da ke ran alhazai da hajiyoyi, wardin Ɗa'ifa. Wanda duk ya je Makka ya san ƙamshin nan, da ruwansa da ruwan Zamzam ake wanke Ka'aba, kuma shi ɗan gidan Damask ne, irin wanda ake nomawa a Bulgeriya da Turkiyya da Iran da Maroko don turare. Amma Ɗa'ifa kan dutse take, tsayinta wajen mita 1,800 ne daga matakin teku, akwai sanyi na gaske, Kumasi kuwa ko mita 300 bata kai ba. In ka kawo shi nan ganye zai ta yi maka, fure kuwa sai ka gaji da jira. Ni shawarata kar ka ɓata shekarunka a kanshi, in ƙamshin kake so nemi ɗan gidan Bourbon, wanda ya samo asali a tsibirin da yanzu ake kira Reunion, yana da jinin Damask da jinin China, ya ɗauko ƙamshin wancan ya ɗauko jurewar wannan. Rose Edouard da Indiyawa suke nomawa don ado da ruwan wardi daga nan yake, haka ma Souvenir de la Malmaison na 1843, sai dai shi wannan in ruwa yayi yawa furen yakan dunƙule ya ruɓe bai buɗe ba, a watan Yuni zai baka haushi.

Yanzu ga yadda zaka gane. Abu na farko ka tabbata wardin ne ma, saboda a bakin titi komai ros ake ce mishi. Kariya, wadda take da ƙaton gindi da farin ruwa mai dafi, ana ce mata ros na hamada, ba wardi bace. Ƙaramar fulawar nan mai buɗewa da hantsi ta rufe da yamma ita ma ba shi bace. Wardi na gaskiya ganyensa haɗe yake, ƙananan ganye 5 ko 7 a kara ɗaya, wani lokacin 3 a kusa da fure, bakinsu kamar haƙorin zarto, kuma a inda karan ganyen ya manne da reshe akwai wasu 'yan kunnuwa biyu sirara. Ga kuma ƙaya a yawancinsu.

In ka tabbatar, sai ka duba kala. In ka ga ruwan lemo mai haske ko rawaya mai ƙarfi kamar kwaiduwa, wuce kawai, na zamani ne, wannan rawayar sai a 1900 ta shigo wardin zamani ta hannun Pernet-Ducher a birnin Lyon da irinsa Soleil d'Or. Tsofaffi kalarsu fari ne, hoda, ja mai duhu, ko rawaya mai sanyi kamar man shanu. Sai ka duba ƙirar furen. Na zamani tsakiyarsa a tsaye take mai tsini, a kan dogon kara miƙaƙƙe mai ƙarfi, ganyen yana sheƙi kamar an shafa mai. Tsohon iri kuwa furen ko dai a baje yake da falle kaɗan (wato ganyayen furen masu kala), ko a cike yake maƙil kamar an cusa tsumma a kofi, wani ma zaka ga tsakiyar ta kasu huɗu.

Daga nan sai rarrabe gida, kuma a nan nake so ka tsaya ka lura sosai don ba aikin rana ɗaya bane. Ɗan gidan China rassansa sirara ne masu yawa a harɗe, sabon tohonsa ja ne, ganyen ƙanana masu tsini, furen bai cika girma ba, ƙamshin kaɗan ne. Babbar alamarsa ita ce kalar tana ƙara duhu da rana. Yawancin wardi kodewa suke in sun kwana biyu, shi kuwa zai buɗe da hoda ya koma ja. Akwai wani da ake kira Mutabilis mai falle biyar, zai buɗe rawaya-rawaya, gobe hoda, jibi ja, ka ga kala uku a bishiya ɗaya. Jajayen kuma irin su Cramoisi Supérieur na 1832 da Louis Philippe na 1834, in ka buɗa fallen zaka ga ɗan farin zane daga gindi. Na Hajiya duk waɗannan alamun yana dasu, har farin zanen. Ɗan gidan Tea shi furensa yafi girma amma wuyansa ba ƙarfi, sai ka ga ya sunkuyar da kai ƙasa kamar mai jin kunya, mutane suna zaton ƙishirwa yake ji su yi ta zuba mishi ruwa alhali halittarsa ce, sabon ganyensa kuma ja ne mai duhu kamar zoɓo. Noisette shi hawa yake, yana son katanga ko rumfa, furensa tari-tari a kai ɗaya, asalinsa daga Charleston a Amurka inda akwai zafi da laima, shiyasa yanayinmu bai zame mishi baƙo ba. Bourbon rassansa sun fi kauri, ganyen ya fi faɗi, ƙamshin kuma tun daga nesa.

Akwai tarko ɗaya. Wani lokacin zaka ga tsohuwar bishiya mai dogayen rassa kamar bulala, ganye shar, amma fure sai can ba'a rasa ba. Sau da yawa wannan gindin aure ne, wato an yi wa wardi aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, na saman ya mutu na ƙasan ya tashi. Tambayi masu gidan sau nawa yake fure a shekara, in suka ce kullum cikin fure yake toh ka samu, in suka yi shiru suna tunani bar shi.

Kuma dan Allah kar ka yi gaggawar laƙa mishi sunan Turawa don ka ga hoto a intanet ya yi kama. Zafinmu yana canza girman fure da kalarsa. Abin da masu tara tsohon wardi suke yi, kamar mutanen tsibirin Bamuda da suka shahara da wannan, shine su kira shi da sunan inda aka samo shi. Ka ce jan Aboabo, ko farin Asawase, ka rubuta a littafi ranar da ka samo da unguwar, ka ɗauki hoton ganye da ƙaya da ƙullin fure kafin ya buɗe da bayan ya buɗe, a damina da kuma hunturu. Wannan ya fi sunan ƙarya amfani.

Toh sai dashe. Lokacin da yafi dacewa farkon damina ne, Afrilu zuwa Mayu, ko kuma Satumba in ƙaramar damina ta dawo. Kar ka gwada a Disamba ko Janairu, iskar hunturu zata busar da reshen kafin ya yi saiwa. Je da sassafe da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, ka goge bakin da sipirit, ka tafi da jiƙaƙƙen tsumma da leda. Zaɓi reshen da furensa ya gama zuba, kaurinsa kamar fensir, in China ne ko bai kai haka ba ya yi tunda dama sirara ne, wanda in ka lanƙwasa zai ɗan yi gardama amma bai zama busasshen itace ba. Tsawon ya kai santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi ɗaya, da ido 4 ko 5, wato gaɓar da ganye yake fitowa a jikin reshe. Yankan ƙasa ka yi shi dab da ƙarƙashin ido, na sama kuma ɗan sama da ido. Cire mataccen furen, cire duk ganyen ƙasa ka bar biyu na sama kawai, in manya ne ka rage rabinsu. Naɗe a tsumman nan take kar rana ta taɓa. Kuma kar ka ɗebi ɗaya ko biyu, ɗebi goma in mai gida ya yarda, ba duka ke kamawa ba.

Ƙasar reno ita ce inda mutane da yawa suke faɗuwa, suna ɗauko baƙar ƙasar bola mai taki suna ganin gata suka yi mishi, sai reshen ya yi baƙi daga ƙasa ya ruɓe. Reshen da bai da saiwa baya cin taki, iska yake so da ɗan danshi. Haɗa yashi mai tsakuwa wanda ka wanke kashi biyu da ɓuntun shinkafa da aka ƙona ko garin ɓawon kwakwa kashi ɗaya. Ledar fiya wata ta isa, yanke bakin ka huda gindin wuri huɗu ko biyar. Yi rami da tsinke tukuna, kar ka soka reshen da ƙarfi ka ɗaye fatarsa, ka saka ido biyu a cikin ƙasa, ka tabbata ba ka juya shi kai ƙasa ba, idon yana kallon sama. Danna ƙasar, zuba ruwa har ya fita ta ƙasa. In kana da hodar saiwa ta shagon kayan gona ka ɗan tsoma gindin, in babu ba komai, China da Tea suna kamawa haka nan. Sai ka yanke gindin babbar robar ruwa ka kifa a kai, murfin a buɗe, ka ajiye a inuwa mai haske kamar ƙarƙashin mangwaro ko baranda, banda rana kai tsaye don cikin robar zai dafa shi.

Yanzu sai haƙuri. Bayan mako biyu zaka ga toho ya fito, kar ka yi murna tukuna kuma kar ka ciro ka duba, wannan tohon da abincin cikin reshen ya fito ba da saiwa ba. Saiwa tana ɗaukar mako 4 zuwa 8. Alamar ita ce ka ga fararen jijiyoyi ta jikin ledar ko ta hujin ƙasa, tohon kuma yana ci gaba da girma bai yanƙwane ba. Sannan ka riƙa ɗaga robar awa ɗaya, gobe awa biyu, har mako guda, sai ka mayar da shi babbar leda mai ƙasa da ɗan ruɓaɓɓen taki ya ƙara wata biyu yana sabawa da ranar safe.

Wurin zama na dindindin ya zama yana samun rana kamar awa 6, kuma ta safe tafi, don ita ke busar da raɓa daga ganye, ta la'asar in katanga ta tare ma alheri ne. Kar ka manna shi a lungu inda iska bata wucewa. Jar ƙasarmu tana riƙe ruwa, don haka tona rami mai faɗi da zurfin kusan santimita 50, ka cika da ruwa ka gani, in bayan 'yan awanni ruwan yana nan kwance toh kar ka dasa a ciki, tada kunya ko ka tara ƙasa ta yi tudu ka dasa a sama. Haɗa ƙasar saman ramin da takin shanu ko na kaji da ya ruɓe sosai har ya daina wari da zafi, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Tsakanin bishiya da bishiya bar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yanzu zaka ga kamar ɓarnar fili ne amma Tea in ya samu wuri yakan fi mutum tsayi. Mu 'yan zango da muke gidan haya tsakar gida duk siminti, galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar roba mai kalar rawaya da muke ɗibar ruwa, ya isa, yanke saman ka huda gindin da ƙusa mai zafi ka ɗora a kan bulo biyu, ƙaramin China zai zauna a ciki lafiya, sai dai duk shekara biyu ka sake mishi ƙasa.

Ruwa a gindi ake zubawa da safe, ba'a kan ganye ba. A damina sau da yawa ba sai ka bashi ba, a hunturu kuwa bokiti ɗaya duk kwana biyu ko uku ga na ƙasa, na galan kullum. Ruwan omo da na bilic kar su je kusa. Rufe gindin da busasshen ganye ko ɓawon koko da ya ruɓe amma ka bar tazarar yatsu huɗu daga jikin itacen saboda gara, garin katako ɗanye kuwa ni bana sawa, yana jawo gara kuma yana sa ganye ya yi rawaya. Taki kuma, duk bayan zagayen fure ɗaya ka zuba ruɓaɓɓen taki cikin gwangwanin tumatir babba, in na zamani ne, irin wanda aka rubuta NPK 15-15-15 a jikin buhunsa, cokalin cin abinci ɗaya ya isa, a zagaye nesa da gindi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shekarar farko ma taki na gargajiya kaɗai ya wadatar.

Maganar aski, a nan ne na taɓa yin asara mai ciwo. Wani mai sayar da fulawa a bakin hanya ya ce min wardi sai an datse shi har gwiwa yake fure, na dawo na datse wani farin Tea da na yi shekara biyu ina reno, bai sake komawa daidai ba, rassan suka riƙa bushewa daga sama har ya tafi. Wannan datsar ta wardin zamani ce a ƙasashen sanyi. China da Tea a kan ƙananan rassan nan suke fure, in ka kwashe su ka kwashe ƙarfinsu. Shekara biyu na farko kar ka yanke komai sai matacce. Bayan nan a watan Maris kafin ruwa ya sauka ka cire busassu da masu gogar juna da waɗanda suka cushe tsakiya, in zaka rage tsawo kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku, yankan a karkace ɗan sama da idon da ke kallon waje. Furen da ya gama kuma ka riƙa tsinke shi, yana sa wani ya fito da wuri.

Ciwon da zaka fi gani a damina shine baƙin ɗigo a ganye, ganyen ya yi rawaya ya zube. Naman gwari ne, ruwa ke fantsama shi daga ganye zuwa ganye. Tsince masu ciwon, share na ƙasa ka ƙona, kar ka zuba cikin taki. Tsohon iri yakan zubar ya sake sabo, ba ya mutuwa da shi. A hunturu kuma wasu ƙwari ne ƙanana kamar ƙura a bayan ganye, har da 'yar saƙa kamar ta gizo-gizo, ganyen ya yi fari-fari, su maganinsu ka watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganyen da safe kwana uku a jere. Darɓa tana taruwa a kan sabon toho, murje ta da yatsa ko ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace ka narka ɗan sabulun salo kaɗan a ciki ka fesa da yamma in rana ta yi sanyi, ka fara gwadawa a reshe ɗaya. Awaki kuwa ƙaya bata hana su, tun ranar dashe ka kewaye da waya ko tsohon gidan sauro.

In ka gwada yanka sau biyu iri ya ƙi kamawa, Bourbon yakan yi wannan gardamar, toh kar ka raba reshen da uwarsa. Nemi dogon reshe mai laushi na kusa da ƙasa, ka ɗan kankare fatarsa ta ƙasa dab da ido kamar faɗin farce, ka lanƙwaso ka binne wurin cikin ƙasa zurfin yatsa, ka danne da dutse, kan reshen yana waje a tsaye ɗaure da tsinke. In a gidan mutane ne sai ka roƙi wani yaro a gidan ya riƙa ɗan zuba ruwa. Bayan wata biyu zuwa uku ka tona a hankali da hannu, in ka ga saiwa ta cika sai ka yanke ta ɓangaren uwar, ka bar shi a wurin mako ɗaya tukuna, sannan ka ɗauke da ƙasarsa da yamma ka sa a leda a inuwa, ka ɗaura mishi 'yar takarda a cikin leda mai sunan unguwar da kwanan wata.